Cikin Sahura da Ya Tsaya a Hanya

Ina farawa da sunan Wanda ya san abin da ke ƙunshe a cikin mace alhali ita mai cikin ba ta sani ba. Sunana Tabawa, mutanen Fammar ta ƙasar Kibiya suna ce mini Iya. Ban taɓa zama a aji ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, amma in dai maganar baki ce, ku je ku tambaya, ba a taɓa yin taro a unguwarmu aka watse ban ba da labari ba. Sai dai wannan ba irin wanda nake ba yara a tsakar gida ba ne. Idona ya gani, hannuna ya taɓa. Wadda ke riƙe da biro tana rubutawa jikata ce Sahura, kuma a kanta abin ya faru. Ita ta ce a rubuta, wai ko mace ɗaya ce ta ji ta tsira, ya wadatar. Na ce to, amma yadda na faɗa za ki sa, ban da gyara.

Sahura ɗiyar 'yata Uwani ce, kuma 'yar fari, don haka tsakaninta da uwarta sai gaisuwa, ko sunanta uwar ba ta kamawa. An aurar da ita a Lausu ta ƙasar Rano, gidan manoma masu rufin asiri. Mijinta Ɗanlami albasa yake kaiwa Kudu, sai ya daɗe bai leƙo gida ba. Uwar mijin ita ce Hajiya Kande. Tun yanzu in faɗa, kada wani ya ji labarin nan ya zarge ta. Mace ce ta kirki. Ita ke wanke wa Sahura kayan goyo, in ta dama fura ita take fara miƙa wa.

Shekarun nan ne da Shari'a ta dawo ba da jimawa ba, farar hula na kan mulki, duk bangon da ka duba hoton mai neman ƙuri'a ne. Ɗanlami ya zo Babbar Salla. A lokacin 'yarsu Ummi ta fara rarrafe, haƙora na tsirowa, yaye kuwa da sauran tafiya mai nisa. To kun dai san mu. Mace ta yi ciki goyonta bai isa yaye ba, an ce ta yi rurrutsa, wasu su ce kwanika. Ba haram ba ne, malamai sun sha faɗa, amma je ki gidan suna da shi ki gani. A zunɗe ki da baki, a ce kin kasa haƙuri, kin shayar da yarinya gurɓataccen nono. Wannan tsoron ne ya kama Sahura da Salla ta wuce. Ta yi wa mijin kuka. Shi kuma da safen da zai koma ya shiga gari wajen wani mai kemis, ya sayo mata 'yan ƙwayoyi biyu, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ya ce a Kudu ya ji labarinsu, ana sha ne bayan abin da zai faru ya riga ya faru, sai su tare ciki. Ta sha, ta jefa takardar a murhu.

Ba a daɗe ba ta ga jini, ta ajiye salla. A gidan yawa ba a shela, amma kowa ya san wadda ba ta ɗauki buta ba. Hajiya ta gani, matan gida suka gani. Ita Sahura ta yi hamdala a ranta, ta ce magani ya yi aiki.

Wajen wata guda bayan Salla ciwo ya fara. Makon farko mara ce ke suka, gefen dama kawai, ta zo ta lafa, ta zo ta lafa. Ga wani jini baƙi-baƙi kamar ruwan jiƙon tsamiya, ɗigo yau, gobe babu. Ƙamshin daddawa ya fara tayar mata da zuciya. Nan fa masu ba da magani suka fito. Wannan ta ce sanyi ne, a jiƙa kanwa da citta da kanumfari. Waccan ta ce basir ne ya hau sama. Wata ƙanwar maigidan ta ce ai tun wankan jego ruwan bai yi zafi sosai ba, ɗanyen jiki ne ya tashi. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Duk ta sha, don yarinya ce mai biyayya.

Mako na biyu da abin ya ƙi, Hajiya Kande ta goya Ummi ta kai ta wani ƙaramin asibiti na sha-ka-tafi. Ban je ba, amma su biyun sun ba ni labari kuma bakinsu ɗaya. Sun yi layi tun safe har rana ta take. Da suka shiga, malamin asibitin namiji ne, saurayi. Ya ce, "Baiwar Allah, yaushe rabonki da al'ada?"

Sahura ta ja mayafi ta rufe fuska. Wace yarinya ce mai tarbiyya za ta buɗe baki ta amsa wannan a gaban uwar mijinta?

Hajiya ta ce, "Haba ɗan nan, ka dubi idona mana. Kwanan nan ta yi wanka. Ga kuma goyonta a bayana."

Ya ce, "Akwai wani magani da ta sha?"

Hajiya ta ce, "Sai jiƙon kanwa da na ba ta da hannuna."

Ya ce taifot ne da maleriya, ya yi mata allura, ya ba su ƙwayoyi ja da fari. Suka dawo.

Ku lura, Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta sani ta faɗa. Kuma abin da ta yi shi ne abin da aka koya mana: babba ya raka yaro, babba ya yi magana, ya ɗauke masa kunya. Ko ni ce a wurin, da surukata, haka zan yi, kuma in fito ina jin na kyauta.

Mako na uku saƙo ya iso Fammar ta bakin wata mai kai daddawa kasuwa. Uwani ta zo ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zani. Ta ce, "Iya, wai yarinyar nan ba ta jin daɗi." Na ce wace yarinya, yara sun cika duniya. Idonta ya kawo ruwa. Na ɗauki sandata. A lokacin ana ta cewa mata su daina hawa babur ɗin haya. Na ce wa mai babur, ni na yi wa ubanka wankan jariri, tayar mu tafi.

Na tarar da ita kwance a kan tabarma ta naɗe kamar kifi a wuta. Na ce, "Ke raguwa, miji ya ci naman Salla ya tafi, shi ne kika kwanta ciwon kewa?"

Ta ɗago da ƙyar ta ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, har yanzu kina nan kina cinye mana tuwo?"

Bakin nan na nan, amma muryar kamar daga ƙasan rijiya. Na zauna ina kallonta. Leɓenta ya yi fari. Ramin wuyanta yana harbawa da sauri-sauri, irin wanda mu tsofaffi muke dubawa. Aka kawo Ummi, ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, ta fashe da kuka. Na jira sai da la'asar ta yi, Hajiya ta shiga ɗakin girki.

Na ce, "Sahura, ni ba uwarki ba ce, ba kuma uwar mijinki ba. A cinyata kika yi kashinki na farko. Ciki ne da ke."

Ta ce, "Wallahi Iya babu. Ai na sha magani."

Na ce, "Wane magani?"

Ta kama bakinta, amma ya riga ya fita. Sai kuka. Ta kwashe duka ta gaya mini, sannan ta riƙe hannuna ta ce in yi mata alkawari Hajiya ba za ta ji ba. Ta ce in matar nan ta ji ta sha maganin hana haihuwa a gidanta, da wane ido za ta sake kallonta? Na ɗauka mata alkawari. A lissafina, ciki ne ya shiga ƙwayar ta girgiza shi, ɓari ke tafe. Na ga ɓari ba iyaka. Na ce zai fita, mu binne tsumma, mu rufe baki, a ci gaba da cewa taifot. Ta kuma ce kafaɗarta ta dama na ciwo har wuya. Na ce kwanciya a gefe ɗaya ce, na shafa mata man zafi.

Washegari da hantsi ta ɗauki buta za ta bayan gida. Ƙarar butar muka ji. Muka same ta a ƙasa, gumi na tsattsafo mata amma jikin sanyi kamar randa. Na buɗe tafin hannunta, fari fat. Na ja fatar idonta, babu ɗigon ja. Ciki ya ɗaure tamau, ko yatsa ka ɗora sai ta zabura. Abin da ya ɗaure mini kai, na ɗaga zaninta don in ga jinin da ya zuba, sai ɗan tabo wanda bai kai tafin hannun jariri ba. Na ga mata sun yi irin wannan farin, amma a cikin jini male-male nake ganinsu. Wannan fa, ina jinin ya tafi?

Babu mota a unguwar sai wata bas ta kamfen ɗin wani mai neman kansila, ta zo raba hotuna, lasifika biyu a kanta. Allah ya saka wa direban nan da alheri. Ya watsar da hotunan, muka shimfiɗa ta a kujerar baya, ni da Hajiya da Malam Sani yayan Ɗanlami muka shiga. Ya kashe waƙar ɗan takararsa ya ɗauki abin magana, tun daga Lausu yake faɗa, "A ba da hanya! Mara lafiya! A ba da hanya!" Masu shanu suna kore shanunsu, masu amalanke suna ratsewa. Ni dai ban san ko ɗan takarar nan ya ci zaɓe ba, amma motarsa ta yi aikin da ya fi kujerar.

Babban asibiti muka je, ba sai na faɗi wanne ba. Mutane kamar kasuwa. Wai sai an yanki kati, mai yankan kuma ya tafi karyawa. Muka kwantar da ita a benci. Can wata nas mai jiki, sa'ar Uwani, ta zo ta tsaya a kanmu ta ce, "Me ke damunta?"

Hajiya ta ce, "Taifot ne, an riga an faɗa mana. Yau kuma jiri ya kayar da ita."

"Tana da ciki?"

"Babu. Goyo take, kuma ta yi wanka."

Nas ta ce, "To ku shigar da ita can a ɗaura mata ruwa. Likita na zagaye, in ya gama zai zo." Ta juya za ta wajen wani.

Na dubi Sahura. Idonta a buɗe kaɗan, a kaina yake. Ta girgiza mini kai a hankali. Na ce, "Hajiya, ko za ki nemo mana ruwan sha?" Ta ce, "Ga shi nan a jarka, Iya." Na ce ko za ki duba Malam Sani da maganar kati. Ta ce ai ga shi can a layi, ita ba za ta matsa daga kan yarinyar nan ba. Ƙauna ce ta hana ta tafiya, ya zan yi da ita?

Ni Tabawa ban taɓa ɗaukar alkawari na saɓa ba, mutanen Fammar shaida ne, da sirrin mata da yawa zan shiga kabari. Amma na sake kallon tafin hannun nan. Na ce a raina, ta rayu ta ƙi ni.

Na ɗaga murya na ce, "'Yar nan, dawo. Ta sha ƙwayar hana ciki bayan Salla, irin wadda ake sha bayan an gama. Jinin da take gani ba na al'ada ba ne, baƙi ne, ɗigo-ɗigo. Ciwon gefe ɗaya ne. Kuma ni na ce ciki ne da ita."

Nas ta tsaya cak. Ta dawo ta danna cikin, ta kama hannunta ta saurara. Ta ce, "Kafaɗarta na ciwo?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Matar nan da duk jikinta ta zuba da gudu, takalminta ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba. Kafin ka ce me, ga gado mai taya, ga likita. Yaro ne, gemunsa bai gama haɗuwa ba. Aka shigar da ita, na kutsa na bi su, babu wanda ya sami sukunin korata. Suka gwada fitsarinta. Sannan ya ɗauki sirinji babu komai a ciki, ya soka a ƙasan cikinta ya ja. Wallahi ina tsaye, sirinjin nan ya cika da jini. Allahu Akbar. Ashe jinin bai tafi ko'ina ba. A cikinta yake zuba, kamar tulu ya fashe a cikin ɗaki an rufe ƙofa.

Ya ce, "Iya, kin yi gaskiya, ciki ne. Amma ba a mahaifa yake ba. Akwai 'yar siririyar hanya da yake bi kafin ya isa mahaifa, a nan ya tsaya ya fara girma, hanyar ta fashe. Yanzu za mu shiga da ita tiyata."

Na ce, "To ka tura shi ya ƙarasa mazauninsa mana, ɗana."

Ya ce, "Ba ya turuwa, Iya. Wannan ba zai rayu ba ko me aka yi. Ita muke so mu tsirar."

Da Turancinsu wai ektofik. Kalmar ta zauna mini don sun yi ta jefa wa juna ita a kanmu.

Daga nan sai wahalar da ba ta ciwo ba. Wai sai namiji ya sa hannu. Malam Sani ya ce shi ba zai sa a yanka matar ƙaninsa ba da izininsa ba. Aka ruga wajen masu wayar haya da ke zaune a ƙarƙashin lema a bakin titi, aka samu Ɗanlami da ƙyar. An ce har masu wucewa suna jin ihunsa ta cikin wayar, yana cewa, "Yaya ka sa hannu! Ni na sayo mata, ni ne!" Ga shi babu wuta, wai mu kawo man janareto. Safar hannu mu saya, zaren ɗinki mu saya, ruwan da za a ɗaura mu saya. Tinkiyar Sahura da buhunan gyaɗar gidan duk a nan suka tafi daga baya. Ina godiya ga mutanen asibitin nan har in mutu, amma wanda ya ce asibitin gwamnati kyauta ne, ya zo in ba shi labari.

Sai kuma jini. Aka ce a kawo masu bayarwa. Mazan gidan da suka biyo mu a kan babura suka fara kallon ƙasa. Wannan ya ce bai karya ba, wancan ya ce an ce in aka ɗebi jinin namiji ba ya sake riƙe garma. Duk wannan abin Hajiya Kande ba ta ce uffan ba tun da na yi maganar nan. Na ɗauka fushi ne. Sai na neme ta na rasa. Ashe tana ɗakin ɗibar jini ta naɗe hannun riga. Suka gwada ta suka ce jininta ya hau, ba za su ɗiba ba. Ta fito, ta tsaya a gaban 'ya'yanta da 'ya'yan mijinta, mayafi ya zame ba ta gyara ba.

Ta ce, "Kai Sani, tuwon wa ka ci jiya? Kai Habu, wa ta wanke maka riga ranar Salla? Ni tsohuwa na miƙa hannu an ƙi, ku kuna tsaye da ƙirji kamar ƙofar gari. Wanda bai shiga ɗakin nan ba, kada ya ƙara ce mini Hajiya."

Suka shige kamar awaki sun ga ruwan sama. Har direban kamfen ya bi su.

Tun azahar ake aiki har aka yi la'asar. Na ja carbi har yatsuna suka ƙage. Da likitan ya fito, rigarsa jiƙe da gumi, ya ce ta tsira, amma da mun ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake. Na ce ya nuna mini abin da ya ciro. Ya yi dariya ya ce, "Iya, za ki iya kallo?" Na ce yaro, na wanke gawa kafin a haifi uwarka. Ya sa aka kawo a wani ɗan kwanon silba.

Jama'a, hanyar nan ba ta fi hanjin kaza kauri ba. A tsakiyarta ta kumbura ta yage, ga wani ɗan abu a ciki bai fi gurjiya ba. Na daɗe ina kallo. Wai duk ɗan Adam da ke tafiya a doron ƙasa, sarki da talaka, da ni da na haifi tara, ta wannan ɗan siririn lungu muka biyo, a cikin duhu, babu mai yi mana jagora sai Shi. Na haifi 'ya'ya ban san ina da wannan hanya a jikina ba. Kuma abin da bai fi gurjiya ba ya kusa kayar da mace mai dakan dawa ita kaɗai. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah, na zauna a ƙasa.

A zaunen nan sai Lami ta faɗo mini a rai, ƙawata ta ƙuruciya. Tana amarya ta yi kwanaki tana kukan mara, wata safiya tana daka ta faɗi, ta yi fari, kafin azahar an binne ta. Babu jini, babu rauni. Aka ce maita ce. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu da aka daina sayen ƙuli-ƙulinta har ta mutu. A zamanin Lami babu wata ƙwaya. Na tambayi likitan, ya ce wannan abu tun da can yana faruwa, ga wadda ta sha magani da wadda ba ta taɓa gani ba. Allah ya ji ƙan Lami, ya ji ƙan tsohuwar nan.

Na ce to ƙwayar fa, ita ta karkatar da shi? Ya ce, "Ba zan ɗora mata wannan ba. Aikinta ta hana ciki shiga, amma ba kullum take tarewa ba. In ta kuskure ciki ya shiga, yawanci yana isa mazauninsa, wani kuma ya tsaya a hanya. Inda haɗarin yake, wadda ta sha ta riga ta sakankance, in ta ga ɗan jini sai ta ce al'ada ce. Shayarwa ma ba kullum take hanawa ba." Ya ce ciwon kafaɗar kuwa jinin da ya taru a ciki ne ke taɓo wata jijiya. Ya ce an cire hanya ɗaya, saura ɗaya, kuma ɗayar ta isa a haihu in Allah ya so.

Makon farko a asibiti ni na kwana da ita, a kan tabarma ƙarƙashin gado, masu shara suna tashina da tsintsiya kamar na ci musu bashi. Ta farfaɗo, amma in na zo ta wannan gefen sai ta juya fuska wancan. Na ce yi fushinki, mai rai ke fushi. Aka hana ta ko ruwa, wai sai hanjinta ya motsa ta yi tusa. Kun ji ikon Allah, abin da ake kore yaro a kansa, shi muka zauna muna jira kamar watan Salla. Matan ɗakin kowace ta farka sai ta ce, "Iya, an samu?" Ranar da aka samu na tashi na rangaɗa guɗa, nas ta leƙo tana faɗa, ɗaki ya kwashe da dariya. Sahura ta riƙe ɗinki tana cewa, "Wayyo Iya, ki bari, zai ɓalle." Maganarta ta farko da ni ke nan.

Saura Hajiya. Kullum tana zuwa da kunu da farfesun kaza, da Ummi a baya. Sahura ba ta iya haɗa ido da ita. Dangi suka ce a yaye yarinyar, nonon ya ɓaci. Likita ya ce babu abin da ya sami nono, a ba ta. Hajiya ce ke riƙe Ummi a sama-sama don kada ta taka ɗinkin, yarinya na sha. Rannan tana riƙe da ita haka, ba ta kalli kowa ba, ta ce, "Tsakanin Sani da mijinki, Sani bai fara tafiya ba na sami cikin Ɗanlami. Babu gorin da ban sha ba. Da kin yi, da ni zan goya miki." Sahura ta fashe da kuka, Hajiya ta ce, "Ya isa, za ki shaƙe mini jika." Ɗanlami kuwa da ya iso daga Kudu a kan buhunan wata babbar mota, abin da uwarsa ta gaya masa a bayan ɗakin ban ji ba, amma ya dawo idonsa jawur, ya durƙusa ya gaishe ni har sau biyu.

Mako na biyu aka sallame mu. Tafiya a duƙe, jiri in ta miƙe, ga maganin ƙarin jini da zogale da hanta. Sannu a hankali ja ya dawo tafin hannun.

To mata, ga abin da ya sa na yarda aka rubuta. Ni ba zan ce ku sha ba, ba zan ce kada ku sha ba, wannan tsakaninku da mazanku da malamanku da likitoci. Amma wadda ta sha kada ta ce shi ke nan. In lokacin al'ada ya zo ba ta zo ba, ko ta zo ba yadda kika saba ba, je ki a gwada. In mara na suka gefe ɗaya, ga jiri, ga kafaɗa, kada a tsaya jiƙa kanwa, a nemi mota ko ta wace iri ce. Kuma abin da kika sha, ki faɗa.

Da lokacin komawa a duba ɗinki ya yi, mu uku muka tafi. Aka kira sunan Sahura, muka miƙe gaba ɗaya kamar yadda aka saba. Hajiya ta raka ta har bakin labule, sai ta tsaya. Ta kwance Ummi daga bayan uwar ta rungume, ta dawo benci ta zauna. Nas ɗin nan mai jiki ta leƙo ta ce, "Hajiya, ba za ki shigo ba?"

Ta ce, "A'a. Cikin nata ne, bakin ma nata ne." Ta kama gefen zanina ta ja. "Ke ma Iya zauna."

Na zauna. Mu biyu a benci, muna jiyo muryar Sahura ta bayan labule. Da farko ƙasa-ƙasa, can kuma ta saki, tana magana, likita na tambaya, tana ba da amsa, ta daɗe. Ban ji abin da ta faɗa ba. Ga ta nan a gabana da biro a hannu, har yau ban tambaye ta ba.